Idan kwamfuta ta yi shiru: yadda Amurka ke tantance wanda ya cancanci Medicaid

Tsakanin Afrilun 2023 da Satumban 2024, sama da mutum miliyan 25 aka cire daga Medicaid, shirin inshorar lafiya da gwamnatin Amurka ke yi wa masu ƙaramin ƙarfi. Ƙidayar KFF ke nan, wata cibiyar bincike kan manufofin lafiya, wadda ta riƙa tattara alƙaluman jihohi har aka kammala babbar tantancewar da aka yi wa duk masu rajista. A cikin kowane mutum goma da aka cire, kusan bakwai babu wanda ya tabbatar da cewa samunsu ya haura ƙa'ida. Fam ne bai dawo ba, ko ya dawo a makare, ko kuma an aika shi gidan da mutum ya tashi tun bara. A ɗaya ɓangaren, cikin waɗanda aka sabunta wa rajista, kusan shida cikin goma ko biro ba su ɗauka ba. Kwamfutar jiha ce ta leƙa wasu rumbunan bayanai, ta ga sun cancanta, ta aiko musu da wasiƙar cewa an sabunta.

Sai ka ga maƙwabta biyu, talaucinsu ɗaya, cutarsu ɗaya, wannan ya ci gaba da karɓar maganin hawan jininsa, wancan ya je kantin magani an ce masa katinsa ya daina aiki. Abin da ya raba su sau da yawa shi ne: akwai rumbun da ya san da zaman ɗaya, babu wanda ya san da zaman ɗayan.

Shi Medicaid an kafa shi ne a 1965, zamanin Shugaba Lyndon Johnson. Gwamnatin tarayya da jihohi ke haɗa kuɗin, amma kowace jiha ita ke gudanar da nata, shi ya sa ake cewa ba Medicaid ɗaya ba ne, hamsin da wani abu ne. Shi ke ɗaukar nauyin kusan haihuwa huɗu cikin goma a ƙasar, shi ne kuma babban mai biyan kuɗin gidajen kula da tsofaffi. Ba kamar Medicare ba, shirin inshorar lafiya na tsofaffi, wanda shekaru 65 ke shigar da mutum, shi Medicaid samu yake dubawa. Dokar lafiya ta 2010, wadda ake yi wa laƙabi da Obamacare, ta buɗe shi ga manya da samunsu bai wuce kashi 138 cikin ɗari na ma'aunin talauci na tarayya ba. Kotun Ƙoli a 2012 ta ce jiha na iya ƙin wannan faɗaɗawa, kuma har yau jihohi goma, ciki har da Texas da Florida, ba su karɓa ba. A 2025 ma'aunin talaucin mutum ɗaya dala 15,650 ne a shekara, wato iyakar Medicaid gare shi ta kama dala 21,597, kusan dala 1,800 a wata.

To, wa zai tabbatar da cewa samun mutum bai kai 1,800 ɗin ba?

Da can, shi mutumin ne. Ya kwaso takardun albashi, ya zo ofis, ya bi layi. Tun 1984 doka ta tilasta wa jihohi su riƙa gwada abin da mutum ya faɗa da bayanan haraji da na albashi, amma wannan bincike ne na bayan fage, na kamun maƙaryaci. Takarda ce dai ke shigar da mutum. Abin ya ƙara tsanani a 2006, lokacin da wata doka ta fara aiki wadda ta ce sai mai nema ya kawo shaidar zama ɗan ƙasa, fasfo ko takardar haihuwa. An yi ta ne don tare baƙi marasa izini, amma jihohi da dama suka ba da rahoton cewa 'yan ƙasar ne suka fi faɗawa ciki, musamman yara, domin talaka bai cika ajiye fasfo a aljihu ba. A 2009 Majalisa ta sassauta: jiha na iya tura suna da lambar mutum ga hukumar tsaron zamantakewa, SSA, ita ta tabbatar. Dokar 2010 ta juya tsarin gaba ɗaya. Ƙa'idar da ta biyo bayanta ta ce jiha ta fara tambayar rumbunan bayanai, kuma kada ta nemi takarda daga mutum sai in rumbunan sun gaza ko sun saɓa da abin da ya faɗa. Haka ma wajen sabuntawa duk shekara: dole jiha ta fara gwadawa da bayanan da ke hannunta kafin ta aika fam. Ma'aikatan shirin suna kiran wannan da sunan Latin, ex parte, ma'ana hukuncin da aka yanke ba tare da an kira mai shi ba.

Don wannan aiki aka buɗe wata mahaɗar bayanai ta tarayya a Oktoban 2013. Ba rumbu ba ce ita kanta, mararraba ce: kwamfutar jiha ta aika tambaya, mahaɗar ta rarraba ta ga masu amsa. Hukumar haraji, IRS, ta faɗi abin da mutum ya bayyana a takardar harajinsa. SSA ta faɗi ko lambarsa gaskiya ce, ko ɗan ƙasa ne, ko yana karɓar fansho ko kuɗin nakasa, ko ma ya rasu. Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida ta duba matsayin baƙo ta tsarin da ake kira SAVE. Ban da waɗannan, jiha na da nata: albashin da masu ɗaukar ma'aikata ke kai wa hukumar ƙwadago duk wata uku, kuɗin da ake biyan waɗanda suka rasa aiki, da fayil ɗin tallafin abinci na SNAP. Akwai kuma na 'yan kasuwa, babbansu The Work Number na kamfanin Equifax, wanda ke karɓar bayanan albashi kai tsaye daga kamfanoni yana sayar wa masu tambaya. Wannan Equifax ɗin dai shi ne wanda aka yi wa kutse a 2017 aka kwashi bayanan mutum kusan miliyan 147, amma gwamnati ba ta da wani mai irin hajarsa, don haka cinikin bai tsaya ba.

Kowane rumbu da irin makantarsa, kuma a nan maganar take. Doka ta ce Medicaid samun watan da ake ciki yake dubawa. Bayanan haraji kuwa labarin bara ne, wani lokaci ma na bara waccan. Na wata uku-uku sun fi kusa, amma kafin su iso sun tsufa da watanni, kuma jimla suke bayarwa, ba su san wane wata aka yi aiki da yawa wane wata aka zauna a gida ba. Na Equifax sabo ne fil, albashi bayan albashi, sai dai iya kamfanonin da ke ba shi bayani ya sani, kuma waɗannan galibi manya ne. Mai aiki a babban kanti ko asibiti, kwamfuta na ganinsa sarai. Mai yankan ciyawa a gidajen mutane, mai kitso a ɗakinta, mai tuƙa fasinja da manhajar waya, mai goge-goge da ake biya a hannu, waɗannan duk ba ma'aikatan albashi ba ne, ba sa fitowa a rahoton hukumar ƙwadago.

A ɗauki misali, ba wata takamaimiyar mace ba. Mata ce mai kula da tsofaffi a gidajensu, tana aiki a ƙarƙashin wani ƙaramin kamfani, ita kaɗai ce a gidanta. Ta rubuta cewa tana samun dala 1,700 a wata. Kwamfuta ta tambayi hukumar ƙwadago, aka ce a wata ukun ƙarshe ta karɓi 5,100. An raba uku, 1,700 daidai. Magana ta ƙare. Ko da an ce 4,500 ne ko 5,300, ba matsala, domin ƙa'ida ta ce muddin abin da ta faɗa da abin da rumbu ya faɗa duka suna ƙasa da iyaka, bambancin bai shafi kowa ba. Yanzu a ce rumbun ya nuna 5,550, wato 1,850 a wata. Ya haura iyaka da dala hamsin. Jihohi da yawa sun ware tazarar haƙuri, galibi kashi 10 cikin ɗari: in tsakanin maganarta da ta rumbu bai wuce haka ba, a ɗauki tata. Dala 150 ba ta kai ba, ta tsira. Amma a ce watannin da rumbun ya gani su ne Oktoba zuwa Disamba, lokacin da abokiyar aikinta ta haihu ita ta haɗa aikin mutum biyu, ta karɓi 6,300. Kwamfuta ta ga 2,100 a wata. Ba ta san an haihu ba, ba ta san mai jegon ta dawo a Janairu ba. Sai wasiƙa.

Wasiƙar ba kora ba ce. Doka ta hana jiha cire mutum saboda abin da rumbu ya faɗa kawai, sai an ba shi damar bayani. Wajen sabuntawa za a aiko da fam da aka riga aka cike wasu wurarensa, a ba shi aƙalla kwana 30 ya gyara ya mayar, kuma ko an cire shi yana da kwana 90 da zai iya miƙa takardun a duba ba tare da sabuwar nema ba. A rubuce, tsari ne mai tausayi. A aikace, sai wasiƙar ta isa, sai an buɗe ta, sai an fahimci Turancinta, sai mai kamfani ya ba da takardar albashi, sai wanda ya kira layin taimako ya samu mai ɗauka kafin hutun rabin sa'arsa ya ƙare. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan rami ne, kuma cikin mutum miliyoyi, kowane rami sai ya ci rabonsa.

Mafi ban mamaki shi ne halin wanda ba ya samun komai. Mutum ya ce ba shi da aiki, ba shi da ko sisi. Kwamfuta ta zaga rumbuna duka, kowanne ya ce bai san shi ba. A hankalce wannan shiru ya dace da maganarsa. Amma tsarin jihohi da yawa yana fassara shirun da cewa an kasa tabbatarwa, sai a aika masa fam. Wanda ya fi kowa cancanta, wanda watakila ma a mota ko a matsugunin marasa gida yake kwana, shi aka ɗora wa aikin kawo shaidar abin da babu. Ina takardar albashin wanda ba a biya? A lokacin babbar tantancewar 2023 hukumar CMS, mai kula da shirin a tarayya, ta ba jihohi izini na musamman su sabunta wa irin waɗannan kai tsaye idan a baya sun ce samunsu sifiri ne kuma rumbuna ba su nuna akasin haka ba. Jihohi da dama sun karɓa. A ganina wannan ƙaramar dabara ta fi yawancin manyan kwangilolin kwamfuta amfani, domin ita ta taɓa ainihin tambayar: idan bayani ya yi shiru, wa za a gaskata?

Ita wannan babbar tantancewa korona ce ta haife ta. A Maris 2020 Majalisa ta ƙara wa jihohi kaso 6.2 na kuɗin tarayya bisa sharaɗin kada su cire kowa har annoba ta lafa. Shekara uku ba a cire ba, masu rajista a Medicaid da shirin yara na CHIP suka kai kimanin miliyan 94. Daga 1 ga Afrilu 2023 aka buɗe ƙofa, jihohi suka shiga duba kowa da kowa. Nan ne aka ga tazarar da ke tsakaninsu. A Arizona, North Carolina da Rhode Island, aƙalla tara cikin goma na waɗanda aka sabunta wa, kwamfuta ce ta yi. A Texas da Pennsylvania bai kai biyu cikin goma ba. Dokar tarayya ɗaya ce, rumbunan tarayya ɗaya ne. Bambancin yana ga tsufan na'urar jiha, da yawan rumbunan da ta haɗa, da kuma shawarar da wani ya zauna ya yanke kan wane irin fayil za a bar wa kwamfuta, wane za a ce sai mutum ya sa hannu. Shawarar siyasa ce sanye da rigar fasaha.

Kuma na'urar kanta tana kuskure irin wanda ma'aikaci ɗaya ba zai iya yi ba, domin shi fayil ɗaya yake ɓatawa, ita dubbai a dare ɗaya. A ƙarshen Agustan 2023 CMS ta rubuta wa jihohi cewa ta gano wata matsala: tsarin wasunsu yana duba gida ne dunƙule, ba mutum-mutum ba. Iyakar samu ta yara ta fi ta manya nisa sosai, don haka a gida ɗaya yara na iya cancanta uwa ba ta cancanta ba. Idan kwamfuta ta kasa tabbatar da uwa, sai ta aika wa gidan fam, in bai dawo ba ta share kowa har yaran da bayanai suka riga suka nuna sun cancanta. Jihohi 29 da birnin Washington suka amsa cewa suna da wannan lahani, aka ce a mayar da mutum kusan 500,000, da yawansu yara. Ba wanda ya yi niyyar mugunta. Wani ne shekarun baya ya rubuta umarni da kalmar gida inda ya kamata ya rubuta mutum.

Tsofaffi da masu nakasa su kuma nasu ya fi wuya, domin ban da samu ana duba dukiya. A jihohi da yawa iyakar dala 2,000 ce ga mutum ɗaya, adadin da aka aro daga shirin tallafi na SSI, wanda rabon da a taɓa shi tun 1989. Dokar 2008 ta sa jihohi su kafa hanyar tambayar bankuna kai tsaye ko mutum na da asusu. Yana taimakawa, amma banki bai san darajar mota ko fili ba, kuma ba kowane banki ke amsawa da wuri ba. Shi ya sa waɗanda suka fi kowa buƙatar asibiti, kuma samunsu ya fi na kowa tsayawa wuri ɗaya, su suka fi shan fam.

Kada a ɗauka duk binciken nan zalunci ne. Masu cewa a tsaurara suna da hujja. Kimanin kashi uku cikin huɗu na masu Medicaid suna ƙarƙashin kamfanonin inshora ne da jiha ke biya kuɗi kan kowane kai duk wata, ko ya je asibiti ko bai je ba. Wanda ya ƙaura wata jiha ya yi sabuwar rajista, ko ya rasu ba a sanar ba, kuɗinsa na ci gaba da fita, kuma masu binciken kuɗi na ma'aikatar lafiya sun sha gano irin wannan. Kuɗin jama'a ne, kuma rumbun bayanai ne kaɗai zai kama shi: jerin mamata na SSA, da tsarin PARIS da ke gwada sunayen masu tallafi tsakanin jihohi, da bayanan canjin adireshi na gidan waya. Wuƙa ɗaya ce. Jihar da ke duba rumbu tsakiyar shekara don neman wanda albashinsa ya ɗaga, amma ba ta amfani da rumbun nan wajen sabunta wa wanda albashinsa bai ɗaga ba, ta zaɓi gefen da za ta yi yanka da shi.

Akwai kuma maganar inda bayanan ke zuwa. Bututun da ya kawo ruwa yana iya mayar da shi. A Yunin 2025 kamfanin dillancin labarai na AP ya ba da labarin cewa an miƙa bayanan wasu masu Medicaid ga Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida, wadda ke kula da korar baƙi, kuma jihohi 20 suka garzaya kotu. Gidaje da yawa a Amurka gauraye suke, iyaye baƙi, 'ya'ya 'yan ƙasa. Uwar da ta ji wannan labari ba sai an cire ɗanta ba, ita da kanta za ta ƙi mayar da fam.

Duk wannan zai ƙara nauyi nan gaba kaɗan. Dokar da Shugaba Donald Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta ce manyan da suka shiga ta hanyar faɗaɗawar 2010, masu shekara 19 zuwa 64, sai sun nuna suna aiki, ko karatu, ko hidimar al'umma na sa'a 80 a wata, kuma wa'adin da aka sa wa jihohi shi ne Janairun 2027. Za a kuma riƙa duba cancantarsu duk wata shida maimakon duk shekara. Dokar ta umarci jihohi su fara da rumbunan bayanai kafin su tambayi mutum. Ofishin kasafin kuɗi na Majalisa ya yi hasashen cewa sauye-sauyen lafiya da ke cikinta za su ƙara marasa inshora da kimanin miliyan 10 zuwa 2034.

An taɓa gwada irin wannan. Jihar Arkansas ta sa sharaɗin aiki a Yunin 2018. Yawancin waɗanda abin ya shafa kwamfuta ta wanke su, saboda albashinsu ko uzurinsu ya fito a rumbu. Ragowar aka ce su riƙa shiga shafin intanet duk wata suna ba da rahoto, a jihar da gidaje da yawa ba su da intanet. Kafin alƙali James Boasberg ya dakatar da shirin a Maris 2019, sama da mutum 18,000 sun rasa inshora, kuma binciken masana na Harvard bai ga ƙarin masu aiki ba.

Tambayar yanzu ta fi ta samu wahala. Albashi aƙalla lamba ce da wani ya rubuta a wani wuri. Sa'o'in aiki kuwa, rahoton wata uku-uku na yawancin jihohi ba ya ɗauke da su; sai dai a yi lissafi daga kuɗi, kuma dokar ta yarda da hakan: wanda samunsa na wata ya kai mafi ƙarancin albashin tarayya, dala 7.25, sau 80, wato dala 580, ya cika sharaɗi. Matar nan mai kula da tsofaffi za ta wuce cikin sauƙi. Uzurori su ne matsala. Dokar ta ware masu ciki, da masu raunin lafiya, da iyayen yara 'yan shekara 13 zuwa ƙasa, da masu jinyar nakasasshe. Mai ciki da mai ciwon da ya kai shi asibiti, jiha za ta iya gano su daga takardun kuɗin magani da likitoci suka turo mata. Shekarun yara suna cikin fayil. Amma ɗan shekara hamsin da ya bar aiki ya koma gidan mahaifiyarsa da ta shanye, yana juya ta, yana yi mata wanka, ba wanda ke biyansa, babu hukumar da ke rubuta wannan. Idan kwamfuta ta zaga ta dawo hannu rabbana, za a aika masa wasiƙa, a ba shi kwana 30 ya kawo shaida.